Gyaran Ƙofar Sabon Gida Da Ɗan Abin Da Ya Rage A Aljihu

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karon daga masu sabon gida suke. Gini ya lashe kuɗi, an tare, an leƙo waje an tarar da ƙofar gida fayau, babu inuwa babu ko ganye ɗaya. Ga amsoshin waɗanda na zaɓa.

Malam, na sayi furanni na dasa a gaban sabon gidana, ina ba su ruwa safe da yamma. Cikin wata biyu rabi sun mutu, sauran kuma ganyensu ya koma ɗorawa. Ko mai sayar da dashen ne ya cuce ni?

Ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa mai dashe laifi, ɗauki diga ka haƙa inda furannin suka mutu. Na kusa tabbata abin da za ka tono: gutsattsarin bulo, busasshen kwaɓin siminti, buhunan leda, lanƙwasassun ƙusoshi, sannan a ƙarƙashinsu ƙasa mai tauri da diga ke tsalle idan ta sare ta. Haka ƙasar kusan kowane sabon gida take. Lokacin haƙa tushen gini, ƙasar sama mai albarka ita ake fara kwashewa ko a binne, a baza jar ƙasar ƙarƙashi a kanta. Daga nan tifa ta yi ta shiga da fita, a jibge yashi da bulo na watanni, a kwaɓa siminti a ƙasa, a wanke baro da shebur a wuri guda kullum. Ƙasar da ta sha wannan duka ta danne, iska ba ta ratsa ta, saiwa ba ta iya huda ta.

Ɗorawar ganyen ma tana da bayani. Dubi sababbin ganyen da ke kan tsiro. Idan sun yi fari-fari ko ɗorawa amma jijiyoyinsu na nan kore shar, siminti ne ya sauya ƙasar, ya hana shukar zuƙar sinadarin ƙarfe duk da cewa yana nan a cikinta. Ka ɗebi ƙasar a faranti ka ɗiga mata ruwan khal. Idan ta yi kumfa tana tsuwa, akwai ragowar siminti ko farar ƙasa da yawa. Idan kuwa ganyen ƙasa ne suka fara yin ɗorawa suna zubewa, ƙasar kuma kullum a jiƙe, to ruwan safe da yamman nan ne ya ruɓar da saiwar.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, faɗinsa ma haka. Cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Cikawa ta biyun ita ce abin lura. Idan ruwan ya shanye cikin 'yan sa'o'i, ƙasarka na shan ruwa yadda ya kamata. Idan ka wayi gari ka tarar da shi kwance, duk abin da ka dasa a nan wahala zai sha sai ka gyara.

Gyaran kuma ƙarfi yake ci fiye da kuɗi. Kada ka ce za ka gyara harabar duka; zaɓi wuraren da za ka yi shuka kawai. Fasa ƙasar zurfin santimita 30 zuwa 40, tsince baraguzan ka tara su gefe, don za su yi maka amfani a hanyar shiga. Inda aka riƙa kwaɓa siminti, kwashe ƙasar wurin gaba ɗaya ya fi. Sannan ka baza ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 zuwa 8 ka cakuɗa. Na ce ruɓaɓɓe da gangan. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙone saiwa. Ka tara shi, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa har wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi, warin ya tafi, ya daina ɗumi idan ka cusa hannu. Wasu kan zuba ɗan yashi a ƙasar laka wai don ta saki. Ban ba ka wannan shawarar ba, domin yashi kaɗan a cikin laka sau da yawa ƙara mata tauri yake yi. Taki ne ke sakin laka, shi ne kuma ke sa rairayi ya riƙe ruwa.

Idan aka yi ruwan sama, ruwa na taruwa a gindin bangona. Ina so in gina ɗan dandamalin furanni a jikin bangon don ya rufe wurin. Ya dace?

Bai dace ba, Malam. Rufe matsalar za ka yi da ƙasa mai riƙe danshi, ka kuma riƙa ƙara mata ruwa da hannunka. Bayan damina ɗaya ko biyu za ka ga fenti na kumbura daga ƙasa, farin gishiri-gishiri na fitowa a jikin filasta, ɗaki na warin danshi.

Fara da gangara. Ƙasar da ke kewaye da gida ya kamata ta sauka kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango. Igiya da turaku biyu da abin awon magina sun ishe ka ka auna. Cike gindin bangon da ƙasa mai tauri, ka daddaɓe, amma kada cikon ya haura inda magina suka sa abin tare danshi. A bar tazarar kamar santimita 15 a ƙasansa. Sai ka shimfiɗa tsakuwa faɗin rabin mita a zagaye. Tsakuwar nan tana hana ɗigon ruwan rufi fantsamo laka a bango, kuma tana ba ka damar ganin hanyar gara tun ba ta hau ba. Furanninka su fara daga bayan tsakuwar.

Ruwan da ke damunka kuwa dukiya ce idan ka tare shi. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a ruwan milimita 20, lita 2,000 ke zubowa daga kansa. Indararo da duro biyu masu murfi za su kama wani kaso, ragowar kuma ka ja masa 'yar hanya ta nufi gindin bishiyoyinka. Murfin dole ne, saboda sauro da kuma yara.

Ranka ya daɗe, kuɗin da na ware kaɗan ne. In sayi manyan bishiyoyi biyu da suka riga suka yi tsayi, ko ƙanana da yawa? Kuma wace iri?

Sayi ƙanana, kuma ba da yawa ba. Dashen da ya daɗe a leda har ya fi mutum tsayi, saiwarsa ta gama nannaɗewa a ciki. Idan ka dasa shi, yakan yi shekara yana jinya, alhali ɗan ƙaramin da bai wuce gwiwa ko ƙugu ba ya kama ƙasa ya wuce shi. A wurin saye, ɗaga ledar ka duba gindinta. Idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ajiye shi ka ɗauki wani.

Abin da ya fi zaɓen iri muhimmanci shi ne inda za ka sa ta, domin bishiya ba kujera ba ce da za ka ja gefe idan ta tare hanya. Mangwaro da darbejiya manyan itatuwa ne. Ka ba su aƙalla mita 8 daga bango, fiye da haka ma idan ƙasarka laka ce mai tsagewa da rani, don irin wannan ƙasar tana motsi idan saiwa ta zuƙe ruwanta, ginin kuma ya tsage. Ka nisanta su da sokawe da bututun ruwa, ka kuma ɗaga kai ka duba wayar lantarki. Idan filin bai kai ba, haƙura da su. Lemo, gwaiba da rumman suna zama lafiya a tazarar mita 3 zuwa 4. Bishiyar turare kuwa ban son ganinta kusa da gida ko kaɗan: shan ruwanta ya yi yawa, rassanta kuma na karyewa a iska.

Ni dabarar da na fi so ita ce a haɗa mai sauri da mai daɗewa. Zogale na iya kai mita 3 a shekararsa ta farko, gwanda kuma takan fara 'ya'ya kafin ta cika shekara ko jim kaɗan bayan haka. Su za su cike maka ido yayin da babbar bishiyar ke tasowa, in ta girma sai ka cire su. Idan mangwaro ne, nemi mai aure: yakan fara haihuwa a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ka jira 5 zuwa 8, kuma ba ka da tabbacin irin 'ya'yan da zai ba ka. Bishiyar inuwa a sa ta ɓangaren yamma, inda rana ke dukan bango daga azahar zuwa faɗuwarta.

Wajen dasawa, ramin ya ninka faɗin ledar sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin ledar. Nan mutane da yawa ke kuskure: su haƙa rami mai zurfi, su binne wuyan dashen, bayan watanni ɓawon ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa ba su sani ba. Inda ƙasa ta tsaya masa a leda, nan za ta tsaya masa a rami. Yanke ledar ka cire ta duka, warware saiwar da ta nannaɗe da yatsa, mayar da ƙasa, danna da tafin hannu, yi masa ɗan kwano a zagaye ka cika da ruwa. Farkon damina, da yamma, shi ne lokacin da ya fi.

Malam, ni shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa nake sha'awa, irin wadda ake gani a hotuna.

Hajiya, bari mu yi lissafi tukuna. Irin wannan ciyawar tana buƙatar ruwa kimanin milimita 25 a mako, a lokacin zafi ma fiye. Wato lita 25 ga kowane murabba'in mita. Fili mai murabba'in mita 50 zai sha lita 1,250 duk mako, ban da aski da cire baƙuwar ciyawa. Idan ruwanki na saye ne, a nan kuɗin zai ƙare.

Ki yi 'yar kaɗan, kamar mita 2 a mita 3, inda za a zauna ko yara su yi wasa. Ƙiri-ƙiri ta fi juriya: tana son rana, tana jure taku, idan ta bushe da rani takan farfaɗo da ruwan farko. Ba sai kin sayi shimfiɗa ba; 'yan gutsattsarinta masu gaɓa, a dasa a tazarar taƙi ɗaya, za su haɗe cikin 'yan watanni. Aibinta shi ne kutse, don haka ki yi mata iyaka da bulo, in ba haka ba za ki same ta a cikin furanninki. Sauran filin a rufe da tsakuwa.

Ban da kuɗin katanga yanzu. Akwai shingen da zan shuka?

Akwai, kuma mafi yawansa kyauta ne idan kana da maƙwabcin da ke aske nasa. Lalle yana kamawa daga yanke, yana jure fari, yana kuma karɓar aski. Yanki rassa masu kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, zage ganyen ƙasa, soka rabinsu a danshi, tazarar santimita 30 zuwa 40. Sirrin shinge mai kauri shi ne a fara datse kansa tun yana ƙarami. Mai tausayin almakashi yakan ƙare da dogayen sanduna masu ganye a sama, ƙasa kuma a buɗe har akuya ta wuce. Shukar nan da ake kira bougainvillea ma tana kamawa daga yanke, ga ƙaya ga fure, kuma ta fi yin fure idan ba a cika mata ruwa da taki ba.

Gargaɗi ɗaya ga mai ƙananan yara ko dabbobi: 'ya'yan bini-da-zugu guba ne, haka ma duk jikin furen nan da ake kira oliyanda. Dukansu suna da saurin kamawa, shi ya sa ake yawan ba da su kyauta.

An ce in rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, amma ina tsoron gara.

Tsoronka na kan hanya, amma kada ya hana ka. Rufin busasshiyar ciyawa, ganye ko ƙaiƙayi mai kaurin santimita 5 zuwa 8 yana rage ƙafewar ruwa sosai, yana danne baƙuwar ciyawa, yana ruɓewa ya zama taki. Sharuɗɗa biyu ne: kada ya taɓa jikin bishiyar, a bar tazarar tafin hannu, kada kuma ya matso bangon gida. Guntayen katakon da kafintoci da magina suka bari binne a ƙasa sun fi ciyawa kiran gara, su za ka fara tonewa. Garin katako a baza shi a sama kawai. Idan aka cakuɗa shi da ƙasa yakan riƙe abincin shuka na wani lokaci har ganye ya yi ɗorawa.

Ga mai ƙarancin ruwa, binne tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da komai ba kusa da dashen, bakinta a waje, cika ta ka rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinta daidai inda saiwa take. Ruwan kurkure kaya ma yana yi wa bishiyoyi, in dai babu bilic ko sabulu mai yawa a ciki, amma a riƙa sauya wurin zubawa.

Tsakanin fenti da shuka, wanne zan fara?

Sabuwar filasta tana son aƙalla mako huɗu ta bushe kafin fenti, kuma fentin da aka shafa kafin a gyara gangara da indararo laka ce za ta ɓata shi. Saboda haka gangara da tsakuwa tukuna, sai bishiya, don ita ce ke buƙatar shekaru. Idan lokacin fenti ya zo kuɗin bai kai na gida duka ba, yi bangon gaba da ƙofa da ƙarafunan taga. Masu fenti kuma ka rufe dashenka da buhu kafin su fara, ka nuna musu inda za su wanke buroshi, nesa da ramukan da ka sha wahalar gyarawa.