Muryar Kawu kan jar igiyar inji

Salamu alaikum 'yan gida, ina wuninku. To ɗana, na ji muryarka tun da hantsi, ina bakin ruwa nan unguwar Gamkalle a Yamai ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce injin jirgin babanka ya ƙi tashi, ka ja igiyar tayarwa har kafaɗa ta yi tsami, wani kuma ya ce maka wai ku cire jar igiyar nan mai nannaɗewa, ku ɗaure makunnin da roba ku huta. Ni dai na san inda ka dosa. Laraba kake so ka kwashi mutane zuwa kasuwar Bubon kai kaɗai tunda babanka na kwance, ko ba haka ba?

To saurara. Jar igiyar nan akwai ɗan maƙalli a bakinta da ke shiga ƙarƙashin maɓallin kashewa. In bai shiga ba, buji, wato fulogi, ba ya ba da wuta, ko kwana za ka yi kana ja. Sa shi ya zauna daram. Ɗaya bakin kuma jikinka za ka ɗaura, a wuyan hannu... a'a tsaya, a ƙafa ya fi, sama da gwiwa, don ta hannu tana suɓucewa ko ta naɗe a mariƙin da ake karkata inji da shi. Amfaninta guda ne: in ka faɗa ruwa, ta fizge, inji ya mutu nan take.

Wanda ya ba ka shawarar roba, wallahi da ina kusa da shi... Shekarar babbar ambaliyar nan, 2020, ina yaron jirgin wani mutum, ba zan kama suna ba, shi ya san kansa. Mun ɗauko kabewa, jirgi cike, Yamaha mai doki 40. Direbanmu ya ɗaure makunni da robar tayar keke, wai igiya tana takura shi. Muna dab da gadar Kennedy, ruwa ja wur yana gudu, muka daki wani kututture da ke tafe ƙarƙashin ruwa. Sai ganinsa na yi cikin kogi. Inji bai mutu ba. Ka san in ba mai riƙe da shi, da kansa yake karkacewa gefe guda, sai jirgi ya kama zagaye yana komowa daidai inda mutum ya faɗa. Zagaye na biyu farfela ta tsarge masa ƙwauri. Ni ina can gaba, da rarrafe na bi ta kan kabewa na zo na kashe. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau ɗingishi yake. Kuma ka san abin haushin? Mai jirgin bai ce sannu ba. Kabewar da ta zube ya lissafa, ya cire cikin kuɗina. Ni da na kashe injin! Na ce Alhaji ni na ɗaure robar? Ya ce ai ina gani aka ɗaure. Har gobe in muka gamu a masallaci gaisuwa ce kawai. To bar wannan.

Ina muka tsaya? Ehe, tayarwa. Kafin ka taɓa igiyar tayarwa, dubi sandar bitesi, wato giya, tana tsakiya, pwamor, abin da 'yan Najeriya ke ce ma firi. Sabbin injuna igiyar ba ta jawuwa in yana cikin bitesi, amma na babanka da masu gyara suka kwance sau ba adadi, kada ka amince masa. Sassauta ɗan kusar da ke kan murfin tanki iska ta shiga, matsa ƙwallon robar da ke kan tiyon tanki har ya yi tauri, ja cok, ɗan abin da ke rage iska don inji ya tashi da sauƙi, in da sanyin safiya ne. Da ya tashi, leƙa baya ka ga yana fitsari. In ruwan nan ba ya tsartuwa kashe shi, leda ce ko ciyawa ta toshe inda yake shan ruwa, ka bar shi haka sai ya ƙone. Melanji kuwa, wato haɗin isansi (fetur) da man inji, lita 25 na isansi rabin lita na man inji, kada mai bido ya auna maka da ido.

Kuma ba a sa gaba ko baya da wuta sama. Mayar da hannu ƙasa tukuna, sannan ka tura sandar sau guda da ƙarfi, ban da lallaɓawa, lallaɓawar ce ke cinye haƙoran bitesi. Mariƙin ma ba kan moto ba ne, ka tura shi hagu hancin jirgi dama zai nufa, nan sababbi ke dakar jiragen mutane wurin tsayawa. Sai maganar dorinar da ke wajen Bubon, in ka hangi kunnuwa... kai, wannan ba ta tarho ba ce.

Talata bayan la'asar ka same ni Gamkalle, mu zaga zuwa Saga mu komo, kai ke riƙe ina zaune. In na ga hannunka bai faɗa ba, Laraba ni zan ja, kai ka karɓi kuɗin mutane. Ka zo da jile, rigar nan mai hana nutsewa, ka gaida mai jiki.