Ƙarfi na zarewa daga jikina ba tare da ciwo ba: polimayosaitis ne?

Tambaya

Likita, barka da aiki. Ni mace ce, shekaruna 41. Kusan wata huɗu ke nan ƙarfi yana zarewa daga jikina a hankali. Da farko hawan bene ne ya fara gagarata, yanzu ko daga kujera zan tashi sai na dafa gwiwa ko wani ya kama ni. Taje gashi ma sai na huta sau biyu, don hannuwan ba sa tsayawa a sama. Abin mamaki babu inda ke yi mini wani ciwo na a zo a gani. An yi mini gwajin jini aka ce lambobin hanta sun hau. Wata ƙawata ta ce in sha deksametazon, yau mako biyar ina sha. Da farko na ji dama-dama, yanzu kuwa fuskata ta kumbura, ƙafafun sun koma gidan jiya, kuma kwanan nan ina yawan ƙwarewa idan ina cin abinci. Na karanta labarin wani ciwo wai shi polimayosaitis. Shi ne ke damuna? Ko in ƙara yawan maganin? Wallahi tsoron shanyewa nake ji.

Amsa

'Yar'uwa, kada ki ƙara ko ƙwaya ɗaya, kada kuma ki yanke maganin farat ɗaya. Zan zo ga dalili. Cikin duk abin da kika rubuto, ƙwarewar nan ce ta fi ɗaga mini hankali, domin tana iya nufin raunin ya kai ga tsokokin haɗiya, kuma abincin da ya ɓace hanya huhu yake faɗawa. Ki ga likita cikin makon nan. Idan numfashi ya fara yi miki wuya, musamman in kin kwanta rigingine, ko ruwa ya fara dawowa ta hanci, ko fitsari ya yi duhu sosai, a ranar za ki tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Ba na raɗa wa ciwo suna daga wasiƙa. Amma yadda kika kwatanta abin, ya yi kama da ciwon da ke cikin tsokar kanta. Polimayosaitis da danginsa suna kama tsokokin da ke kusa da gangar jiki: ƙugu, cinyoyi, kafaɗu, damatsa da gaban wuya. Suna kama dama da hagu kusan daidai wa daida, kuma a cikin makonni ko watanni suke ci, shi ya sa mutum ba ya iya cewa ga ranar da abin ya fara. Tashi daga tsuguno, hawan matakala, ɗaga hannu a ɗauko abu daga sama, su ne ke fara gagara. Ki kwanta rigingine ki gwada ɗaga kanki daga filo ki riƙe shi a sama. Masu wannan ciwo da yawa ba sa iyawa, kuma ba su taɓa lura ba sai an sa su. Yatsu kuwa sukan daɗe da ƙarfinsu, mutum na rubutu yana ɓalle maɓalli alhali ba ya iya tashi daga kujera. Tsokokin ido ba sa taɓuwa, kuma fata na jin taɓi yadda ta saba, babu sagewa. Ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza, yawanci tsakanin shekara 30 zuwa 60. Kin ga ke nan kin shiga sahun.

Shanyewar ɓarin jiki da kike tsoro dare ɗaya take zuwa, gefe ɗaya take ɗauka. Idan fatar ido na saukowa, ana ganin abu biyu-biyu, rauni na ƙaruwa da yamma, to hankalin likita zai koma ga wani ciwon daban mai suna mayasiteniya. Shan inna kuma, duk da sunansa na asibiti ya yi kama da wannan a kunne, babu abin da ya haɗa su: shi ƙwayar cuta ce ke lalata jijiyoyin laka, wannan kuwa garkuwar jikin mutum ce ta juya ta afka wa tsokarsa.

Rashin ciwon da ya ba ki mamaki, haka abin yake. Ƙalilan ne ke jin tsamin jiki mai tsanani, kuma wannan ne ke sa a ɓata watanni ana cewa gajiya ce. Mai gajiya, in aka ce wuta ta kama ɗaki, zai miƙe ya ruga. Mai raunin tsoka zuciyarsa na son tashi, cinya ce ta ƙi. Batun hanta kuma, sinadaran AST da ALT da aka auna miki a matsayin lambobin hanta akwai su a cikin tsoka ma, in tsoka na lalacewa sai su malalo cikin jini. Na sha karɓar marasa lafiyar da aka yi wata da watanni ana bin hantarsu, hanta kuwa lafiyarta ƙalau, babu wanda ya tuna ya auna CK, wani sinadarin tsoka da ake aunawa a jini, gwaji ɗaya da zai nuna inda gizo ke saƙa. A wannan ciwon CK kan iya ninka ƙa'ida sau 10, wani lokaci har sau 50.

Ki duba jikinki kafin ki je. Akwai ƙuraje ko wani kauri a bayan gaɓoɓin yatsu, ko canjin launi da kumburi a fatar ido, ko a ƙirji da kafaɗa? A baƙar fata ba ya fitowa ja ko shuɗi kamar yadda hotunan littattafai ke nunawa, duhu kawai wurin ke ƙarawa, sai ido ya wuce shi. In akwai, sunan ya koma damatomayosaitis, wanda a manya yakan sa mu binciki ko akwai cutar kansa, wato ciwon daji, da ta ɓoye a jiki. Busasshen tari, haki, zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, faso a gefen yatsu kamar na mai aikin ƙarfi, waɗannan na nuni ga nau'in da ke taɓa huhu, wanda gwajin jini na Jo-1 kan tona. Tun 1975 da Anthony Bohan da James Peter suka tsara ƙa'idojin gane ciwon, sunan polimayosaitis ya zama buhun da ake zuba komai. Yau an zazzage buhun, an gano yawancin waɗanda aka laƙaba wa sunan wani nau'in ne da su, kuma tsantsarsa ba ta da yawa. Akwai ma nau'in da ke kama waɗanda suka haura 50, ya raunana yatsu da gaban cinya, wanda sitiroyid, wato magani irin deksametazon ɗin da kike sha, ba ya yi masa komai.

To, yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu makon da zai wuce ban ga irinki ba: wani ya ce ga ƙwayar da ta tayar da shi, a sha. An sha, an ji sauƙi, sai a ce ai an dace da magani. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Sitiroyid yana sa kusan kowa ya ji garau a makon farko. Yana buɗe ciki, yana kashe tsamin jiki, yana sa mutum ya ji kamar an sabunta shi, ko mene ne ke damunsa, ko da tarin fuka ne, ko da kansa ce. Jin daɗin da kika yi bai gaya mana komai game da ciwonki ba.

Abin haushin shi ne, idan ciwon naki kumburin tsoka ne, sitiroyid ɗin ne dai maganin farko. Amma sai an san me ake yaƙa. Shan sa kafin gwaji tamkar share sawun ɓarawo ne kafin masu bincike su iso. Yana sauke CK, yana rage kumburin da hoton MRI zai nuna, yana korar ƙwayoyin garkuwar da muke nema idan mun yanki ɗan tsoka mun duba. Sai a zo mana da sakamako mai hazo, ba mu iya cewa e, ba mu iya cewa a'a. Marar lafiya ya koma yana cewa likitoci ba su san aikinsu ba, wanda ya ba shi ƙwayar kuma yana can yana ba wani.

Ga kuma babbar: sitiroyid da kansa yana cinye tsoka. Tsokokin da yake ci kuwa su ne dai na ƙugu da cinya, inda ciwon yake ci. Deksametazon na cikin waɗanda suka fi yin wannan ɓarnar, kuma ƙarfinsa ya ninka na firedinisolon, wani sitiroyid ɗin, kusan sau 7, miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na wancan. Mutane na ganin 'yar ƙwaya ƙarama su raina ta. Yanzu da ƙafafunki suka sake mutuwa, ciwon ne ya ci gaba ko maganin ne ya karɓi aikin? Daga nan inda nake ba mai iya rabewa, kuma hanyoyin biyu kishiyoyin juna ne: ɗaya na neman a ƙara, ɗaya na neman a rage. Ƙawarki da wane ma'auni za ta zaɓa miki?

Ban ma taɓo sauran ba. Kumburin fuskar da kika gani, da yawa murna suke yi da shi, wai sun yi ƙiba, jiki ya dawo. Alama ce maganin ya yi yawa. Bayansa akwai hawan suga, hawan jini, ƙashi ya zama kamar ɓawo, yanar ido, sannan garkuwar jiki ta kwanta, tsohon tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke barci ya farka. Shi ya sa kafin mu fara ba mutum magani mai yawa muke auna waɗannan duka. Masu rubuta wa mutane ƙwaya ta waya, da masu yin allurar ƙarin ƙarfi ba tare da sun sa mutum ya ɗaga hannu sun danna sun ji ƙarfinsa ba, wanne cikin wannan suke aunawa? Minti biyar ya isa a gwada ƙarfin tsoka. Ba ya buƙatar na'ura. Amma ya fi sauƙi a rataya wa mace ledar ƙarin ruwa, a ce jininta ne ya yi ƙasa, a sallame ta. Na ga wadda aka yi wa haka sau shida kafin wani ya ce ta tashi daga kujera ba tare da dafawa ba.

Dalilin da ya sa na ce kada ki yanke shi: akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin. Idan aka wuce mako uku ana ba jiki na waje, sai su yi kwance. A yanke rana ɗaya, jini na iya faɗuwa, a yi ta amai, a suma, har a rasa rai. A hankali ake janyewa, likita na lissafi.

A asibiti ki nemi likitan gaɓoɓi da garkuwar jiki ko likitan jijiyoyi. Za a auna CK, a duba tayiroyid, wata halitta da ke gaban wuya, da gishirin fotasiyam, a yi gwajin ƙanjamau, domin kowannensu na iya kawo irin wannan raunin. Za a tambaye ki ko kina shan maganin rage kitsen jini, irin su atobastatin, don shi ma yana taɓa tsoka. Daga nan sai gwajin EMG mai auna aikin lantarki na tsoka, da MRI na cinya, da yankar ɗan tsoka idan ta kama, da hoton huhu. In ya tabbata, akan fara da firedinisolon wajen miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, a haɗa da metotireksat ko azatayofirin, magungunan danne garkuwar jiki, don a samu janye sitiroyid ɗin da wuri; masu matsalar haɗiya mai tsanani akan ba su ruwan garkuwa na IVIG ta jijiya. Motsa jiki ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi yana cikin magani, kwanciya ƙara narkar da tsoka take yi. Yawancin waɗanda aka kama da wuri ƙarfinsu na dawowa sosai, sai dai CK kan sauka tun kafin ƙarfi ya dawo, don haka kada ki karaya in takarda ta gyaru ƙafa ba ta bi ba tukuna.

Ki tafi da kwalin maganin a hannu, ki rubuta ranar da kika fara da yawan da kike sha kullum, har da takardar gwajin hantar nan. Ki faɗa wa likita gaskiyar adadin, ko da zai yi faɗa. Kafin ranar, ki riƙa cin abinci a zaune tsaf, loma ƙanana, kuma kada ki kwanta sai an ɗan jima da gamawa.