Neman asalin zuriyar da ta fito daga gandun bayi a Amurka: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, matata baƙar fata ce 'yar ƙasar. Kakarta ta sha faɗa musu cewa mutanensu bayi ne a wani gandun taba a jihar Karolina ta Arewa, kuma akwai maƙabartarsu a cikin daji kusa da gandun. Kakar ta rasu, yara kuma sun fara tambayar asalinsu ta wajen uwa. Yaya za mu gano salsalar da kuma kaburburan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku fara da dajin, kada kuma ku fara da gwajin ƙwayar halitta. Ku fara da tsofaffin da suka rage a dangin maiɗakinka, ku ɗauki muryarsu, ku tambayi sunayen yanka da na lakabi, da cocin da suke zuwa, da sunan gundumar. Sunan gunduma ya fi sunan gandun amfani, domin takardun ƙasa da na gado a gunduma ake yi musu rajista.

Daga nan sai a riƙa komawa baya taki-taki ta ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara goma. Ba a sakin sunaye sai bayan shekara 72, saboda haka ta 1950 ce ta ƙarshe da ke buɗe. Za ku same su kyauta a shafin intanet na FamilySearch. Ku bi 1950, 1940, har zuwa 1900. A nan akwai rami: kusan dukan takardun 1890 sun salwanta a gobarar 1921 a Washinton, don haka sai an tsallake shekara ashirin zuwa 1880. Yarinyar da aka haifa a 1881 tana iya girma ta yi aure ta canja suna ba tare da ta taɓa bayyana a gidan ubanta ba. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne takardar shaidar mutuwa, wadda jihar ta fara yi wa kowa rajista a 1913. Tana ɗauke da sunan uba da na uwa, da wurin da aka binne mamaci. Wannan layi na ƙarshe ku riƙe shi da kyau, zai yi amfani a gaba.

Inda aikin ke tsayawa cak shi ne 1870. Ita ce ƙidaya ta farko da ta rubuta 'yantattun bayi da sunayensu. A 1850 da 1860 an ƙirga bayi a takarda dabam, ƙarƙashin sunan ubangidansu: shekaru, jinsi, launin fata, shi ke nan. Saboda haka wanda ke neman bawa dole ya koma ya binciki salsalar iyalin da suka mallake shi, ko da ransa bai so. Doka ta ɗauki bawa a matsayin dukiya, sunansa kuwa yana inda ake lissafin dukiya: wasiyya, jerin kayan mamaci, takardar rabon gado, takardar sayarwa, da ta jingina. Za ka ga an jera mace da 'ya'yanta uku da kuɗin da aka ƙiyasta musu, a shafi ɗaya da alfadarai da tukwane. Ka shirya wa maiɗakinka zuciya kafin ta gani. Yawancin waɗannan takardu na gundumomi suna ma'ajiyar tarihi ta jiha a birnin Rali.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa sunan dangi sunan ubangida na ƙarshe ne. Wasu sun ɗauki na wanda ya mallaki kakansu tun da, wasu sun zaɓi sabo fil. Hanyar da ta fi inganci ita ce a dubi maƙwabta a shafin 1870: wane farar fata mai ƙasa ne ke kusa? Sai a buɗe jerin bayinsa na 1860 a gwada shekaru. Mai shekara 35 a 1870 ya kamata a ga namiji mai kimanin 25. A bar sararin shekara uku zuwa biyar, domin shekarun ƙiyasi ne. Kuma wannan alama ce kawai, ba hujja ba, sai an sami suna a takardar gado.

Ku bi 'ya'ya mata na ubangidan sosai. Sau da yawa akan ba su bayi a lokacin aure ko a gado, sai mutane su koma ƙarƙashin sunan miji a wata gunduma. Da yake ɗa matsayin uwarsa yake bi, silsilar uwa ta fi ta uba sauƙin kamawa.

Karolina ta Arewa tana da wata taska: a 1866 an umarci 'yantattun da ke zaman aure su yi rajista, inda aka rubuta sunan miji da mata da tsawon zamansu tare. Akwai kuma takardun Hukumar 'Yantattu, wadda gwamnatin tarayya ta kafa don kula da bayin da aka 'yanta, ta 1865 zuwa 1872, musamman yarjejeniyar ƙwadago, wadda sau da yawa da tsohon ubangidan aka ƙulla ta. Idan gandun babba ne, iyalin kan bar littattafansu. Misali gandun Stagville kusa da birnin Durham, inda iyalan Bennehan da Cameron suka riƙe bayi kusan 900 a 1860. Takardunsu suna jami'ar jihar a Chapel Hill.

Yanzu maƙabarta. Galibi biyu ne. Ta masu gandu tana kusa da gidan, da katanga ko shingen ƙarfe da duwatsu masu rubutu. Ta bayi tana can gefe, a tudu ko bakin rafi, inda garma ba ta shiga. Ku nemo wurin a takarda tukuna: sunan da ke kan shaidar mutuwa, tsofaffin taswirorin gwamnati, da takardun sayar da ƙasar, inda akan ce an sayar da eka kaza ban da rabin eka na kaburbura. Iyalai da dama sun ci gaba da binnewa a wurin shekaru bayan 'yanci.

A je da hunturu, ganye ya zube, macizai da kaska sun yi sauƙi. Abin nema shi ne ƙasa da ta lotsa, tsawon kamar mita biyu, a jere, daga yamma zuwa gabas, da dutse marar rubutu a kai, wani lokaci da ƙarami a ƙafa. Itatuwan sida tsofaffi da wata ciyawa mai yaɗo mai shuɗin fure, feriwinkil, su ma alama ce. Kada a ɗaga dutse ko ɗaya, ko fasasshen kwano ko kwalba. Da gangan aka ajiye su. Idan akwai rubutu, ruwa da buroshi mai laushi sun isa. Bilic da buroshin waya suna cin dutse. Madubi da zai karkato hasken rana daga gefe yakan fito da harafin da ido bai gani. Na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa tana taimakawa, amma jar laka ta tsakiyar jihar tana rage mata ƙarfi, saiwoyi kuma kan ruɗe ta.

Ƙasar yanzu ta wani ce, don haka a rubuta masa a nemi izini. Idan ya hana, dokar jihar ta ba zuriyar mamaci damar kai ƙara gaban magatakardan babbar kotun gunduma ya ba da umarnin shiga. Bayan ziyara, ku ɗauki lambobin GPS na kusurwa huɗu, ku zana taswira da lamba ga kowane kabari, ku miƙa kwafi ga ofishin binciken kayan tarihi na jiha domin wurin ya shiga rajista kafin wani ya zo da katafila.