Allon tunawa da Richard Wright a Paris

Malam, ka tambaya ko wane ne marubucin Amurka da ka ga sunansa a allon da ke bangon gida mai lamba 14 a titin Monsieur-le-Prince, kusa da lambun Luxembourg a birnin Paris, da kuma abin da ya kai shi can.

Richard Wright ke nan, baƙar fata haifaffen jihar Mississippi a 1908, wanda littafinsa Native Son na 1940 ya fito da sunansa. Rubutun allon da Faransanci yake, kuma gajere ne: ya nuna cewa ya zauna a ginin daga 1948 zuwa 1959. Wariyar launin fata ce ta ishe shi, domin duk da ɗaukakar da ya samu, bai tsira daga wulaƙancinta ba ko a New York, sai ya kwashe iyalinsa ya koma Faransa dungurungum a 1947.

A ganina shekarun da ya yi a gidan nan sun fi ƙarfin ɗan allon, tunda a cikinsu ne ya je Gold Coast, wato Ghana ta yau, a 1953, ya ga gwagwarmayar Kwame Nkrumah da idonsa, ya rubuta Black Power. Ya kuma halarci taron marubuta baƙar fata na 1956 a jami'ar Sorbonne, wadda ba ta da nisa da gidan.

Ya rasu a Paris ranar 28 ga Nuwamba, 1960, kuma tokarsa tana maƙabartar Père Lachaise. Gidan ba na tarihi ba ne da ake shiga, saboda haka daga bakin titi za ka karanta allon.