Tambaya da Amsa: Shekara tara ina gyaran gidaje a Legas amma Google bai san da zamana ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kwangila ne ina zaune a Agege, shekarata tara ina harkar gyaran gida, sa tayil, silin POP, fenti, gyaran banɗaki da kicin, ina da yarana birkiloli da fulamba da muke fita tare. Duk aikin da nake samu ta baki ne, wane ya gaya wa wane. To kwanaki wata mata a Magodo ta kira ni har na je na auna mun kusa daidaitawa, sai ta ce wai ɗanta ya duba sunana a Google bai ga komai ba, ba sharhi ba tauraro ko ɗaya, daga nan shiru kake ji, aikin ya tafi hannun wani. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Yanzu wani yaro a unguwarmu ya ce in ba shi dubu talatin zai zuba min sharhi hamsin masu taurari biyar cikin kwana biyu. In ba shi ko kuwa? Sannan ni gaskiya nauyi nake ji in ce wa kwastoma ya je ya yabe ni, kamar roƙo nake ganin abin.

Daga wani ɗan kwangila, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara buɗi. Dubu talatin ɗinka dai mayar da ita aljihu tukuna. Dokar Google ta hana sharhin bogi ƙarara, in suka gano gogewa suke yi, kuma suna iya dakatar da shafin naka gaba ɗaya, ka ga an yi ba a yi ba kenan. Amma ni ba ma Google ɗin nake ji ba, ɗan matar nan ta Magodo nake ji. Yaron da ya iya zama ya binciki sunanka ai ya iya karatu, zai ga sharhi hamsin duk sun faɗo rana ɗaya, duk kalma bibbiyu, duk daga mutanen da ba su taɓa cewa komai a kan ko mai shayi ba, babu wanda ya ambaci tayil balle unguwa, nan take zai gane, kuma daga wanda ba a sani ba ka koma wanda ake zargi. Ga dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, ke aiki da ita, ta hana yaudarar kwastoma da bayanin ƙarya. Mu kuma tun muna makarantar allo mun ji hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma algus ba a mudun hatsi kaɗai ake yin sa ba.

Abu na farko ma, kana da wurin da za a rubuta sharhin? Daga wasiƙarka alama babu. Ka buɗe Google Business Profile, wato shafin sana'arka a Google, wanda a da ake kira Google My Business kafin su canza sunan a 2021, kyauta ne, duk wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacinsu ne sai ka biya, kashe wayarka. Tunda kai ba shago ake zuwa a same ka ba, kai ne kake zuwa gidajen mutane, akwai zaɓin da za ka ɓoye adireshin gidanka ka sa yankunan da kake aiki kawai, Agege, Ikeja, Ogba, Magodo, har inda ƙafarka ke kaiwa. Za su nemi su tantance ka, sau da yawa da ɗan bidiyo mai nuna kayan aikinka da shaidar sana'ar. In ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, to wannan sunan za ka sa, shi ne a rasit, shi ne a WhatsApp, kar ya zama nan suna kaza can suna kaza. Cikin shafin akwai linki na neman sharhi, ka kwafe shi ka ajiye a waya.

Sai maganar jin nauyi. Na fahimce ka sarai, mu an raine mu a kan yabon kai jahilci, kuma Bahaushe ya fi son a ce aikinsa ne ya yi magana. To ai shekara tara ɗin nan da ka yi kana cin abinci da "wane ya gaya wa wane", sharhi ne, sai dai a bakin masallaci ko wajen suna ake yin sa, iska ta kwashe. Yanzu so kake a rubuta shi inda baƙon da bai san kowa naka ba zai gani, shi kenan bambancin. Kuma kar ka ce a yabe ka. Ka ce a faɗi abin da aka gani. Misali: "Hajiya ina wuni, ya gida ya yara? Ya banɗakin, ba wata matsala ko? In ba damuwa don Allah ga linki nan, ki ɗan rubuta yadda kika ga aikinmu, mai daɗi da marar daɗi, yana taimaka wa masu neman mai gyara." Wannan ba roƙo ba ne a ko'ina.

Inda yawancin 'yan kwangila ke yin kuskure shi ne lokaci. Ranar da aka gama aiki suke tambaya, ranar karɓar ciko, alhali ita ce ranar da kwastoma ya fi jin haushinka a duniya ko da bai faɗa ba. Sati uku yana kwana a falo, ƙurar yankan tayil ta shiga har cikin tukunya, kuɗin da aka yi lissafi ranar kafin alƙalami ya ƙaru saboda siminti ya tashi ko an fasa bango an tarar da bututu ya ruɓe, ga ɓaraguzai a bakin get masu gadin estet suna ta mita. Ka karɓi kuɗinka, ka sa yara su share wurin tas, ka yi godiya ka tafi. Bayan sati biyu ka kira ka tambayi lafiyar aikin, in akwai famfon da ke ɗiga ko tayil ɗaya da ke ƙara in an taka, ka zo ka gyara ba tare da ka ce a kawo ko sisi ba, to ranar nan ce ranar tura linki.

Aikin rufi da silin da fentin waje kuwa alƙalinsu damina ce. Duk wanda ya zauna Legas ya san ruwan Yuni da Yuli ba ya raga wa kowa, bangon da aka shafe da fenti a watan Janairu yana sheƙi, a Yuli ne za a san ko an magance danshin ko rufa-rufa aka yi, musamman can ɓangaren Lekki da Ajah inda ruwa ke kusa da ƙasa. Ka rubuta sunayen duk waɗanda ka yi wa irin wannan aikin da rani, ruwa na yin sauƙi a Agusta ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya da zai rubuta "ya gyara mana silin a Ogba, damina ta zo ta wuce ba yoyo" ya fi maka hamsin ɗin yaron nan, don abin da mai karatu ke tsoro kenan aka amsa masa.

Wa za ka tambaya? Ba lallai Oga da ya tura kuɗi ba, shi yana ofis ko yana cikin go-sulo a gadar Third Mainland. Wadda ta wuni da leburorinka a gida ita ta san ko suna sallama kafin su shiga, ko sun zo ƙarfe takwas ɗin da suka ce, ko wani abu ya ɓata. In gidan na kulle ne ka bi ta hannun maigidan, ka san wannan ba sai na faɗa ba. Wata matsalar kuma mutanenmu saƙon murya suka iya, za ka tura linki a dawo maka da minti uku na addu'a da sa albarka. Google ba ya karɓar murya. Kar kuma ka ce bari ka rubuta a madadinsu da wayarka ko ta yaranka, wannan ma bogi ne, ka roƙi ɗansu ko 'yarsu ya rubuta musu abin da suka faɗa daga wayar su kansu, tunda yawancin wayoyin Android da ma akwai Gmail a kai. Muryar kuwa in sun yarda ka ɗora a status ɗinka na WhatsApp. Kowane yare suka ga dama su rubuta, Hausa, Yarbanci, Turanci, Burokin, a Legas cakuɗuwar nan ma talla ce.

Kar ka yi ragi ko ka ba da katin waya don a rubuta maka, shi ma Google ya hana, haka nan tsince masu murna kaɗai kana tsallake waɗanda kuka ɗan yi sa-in-sa. Hoto kuma sai da izini. Cikin gidan mutum sirrinsa ne, kar lambar gida ko lambar mota ko iyali su fito, garin nan ba a wasa da tsaro, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Wata rana dole wani zai ba ka tauraro ɗaya. Ni da kaina na taɓa ba wani mai gyara taurari biyu, ya yi min kicin ya bar ƙasan sinki yana tsiyaya har katakon kabad ya kumbura, na kira sau huɗu bai ɗauka ba. Da na rubuta sai ga amsarsa a ƙasa, ba zagi ba kare kai, ya ce laifinsu ne, ya yi tafiya gida ne rasuwa, zai zo Asabar, kuma ya zo, na koma na gyara sharhin da hannuna. Haka za ka yi. Ka bari zuciya ta huce ka amsa a taƙaice, kar ka tona cewa ai bai gama biyan ka ba, wannan a waya ake yin sa. In kuwa wanda ya rubuta ba ka taɓa yi masa aiki ba, akwai wajen kai ƙara a shafin, sai dai haƙuri don ba sa sauri.

Facebook da Jiji, shafin nan na saye da sayarwa, su ma suna da wajen da kwastoma ke faɗin ra'ayi, amma kar ka raba hankalinka yanzu, fara da guda. Ka buɗe lambobin wayarka ka tsamo tsofaffin kwastomomin shekara taran nan, uku ko huɗu a sati, ka fara da gaisuwa da tambayar aikin kafin linki. Yaron nan mai dubu talatin kuma, in dai ya iya waya kamar yadda yake cika baki, ka ba shi wani abu ya bi ka wajen aiki ya ɗaukar maka bidiyon tantancewa da hotunan kafin gyara da bayan gyara.