Tambaya da Amsa: Yaron da Ba Ya Gane Nunannen Tumatir

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 yana taya ni tsinkar tumatir, amma kullum sai ya haɗa da ɗanye, ya kuma rantse ja ya gani. Dundumi ne ko ganganci? Daga wani manomi a Kadawa, Jihar Kano.

Amsa: Malam, a daina yi masa faɗa tukuna. Dundumi da dare yake damun mutum, shi kuwa naka da rana tsaka yake kuskure.

Can bayan ƙwayar ido akwai wata siririyar shimfiɗa da haske ke sauka a kanta. A cikinta, ƙananan ƙwayoyi masu siffar sanda, fiye da miliyan 90, su ke gani a duhu, kuma su ƙarancin bitamin A ke fara kayarwa. Launi aikin wasu ne masu siffar mazurari, wajen miliyan 6, iri uku. Na farko sun fi amsa haske mai tsawon zango nanomita 420 (ɗan ƙaramin ma'aunin da ake auna zangon haske da shi), wato shuɗi, na biyu 530, kore, na uku 560, kuma su ne ke kaiwa ga ja.

Ƙwaya ɗaya ba ta san launi ba, ƙarfin amsarta kawai take aikawa. Ƙwaƙwalwa ce ke gwada amsoshin ukun. Nunannen tumatir yana motsa na uku sosai, na biyu kaɗan. Ɗanye yana motsa su kusan daidai. Idan ɗaya cikin biyun nan babu shi, ko amsarsu ta yi kusa da juna, to ja da kore sun zama 'yan gida ɗaya a idon yaro.

Wannan shi ake kira makantar launi. Galibi gado ne, ta kan kuromosom X, wani ƙunshin ƙwayoyin gado wanda namiji ke da guda ɗaya tak, kuma daga uwa kaɗai yake samun sa. Shi ya sa ya fi kama maza. A bincika wajen kawunnansa da kakansa na wajen uwa.

A kai shi sashen ido a yi masa gwajin Ishihara, shafuka ne masu ɗigo-ɗigon launi da lamba a ɓoye, ba ya cin minti biyar. Na gado ba ya ƙaruwa, ba ya warkewa, don haka kada a ɓata kuɗi kan tozali ko maganin ɗigawa. A gona a koya masa taɓa laushin tumatir, a makaranta a sanar da malaminsa.

Amma babban da ya wayi gari launi ya dusashe masa, musamman mai ciwon suga ko mai shan maganin tarin fuka ethambutol, ya garzaya asibiti a ranar.