Tambaya da Amsa: Wai direbobin laftof ɗina sun tsufa, in biya?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a ABU ina zaune a Samaru. Na sayi laftof ta hannu HP EliteBook, wanda ya min fomatin ya sa min wata manhaja, to kullum na kunna sai ta fito da jan rubutu wai direbobina sun tsufa in biya kuɗi ta sabunta min, ga furojek ɗina a ciki ina tsoro. In biya ne ko yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kar ki biya ko sisi, ki cire manhajar ma gaba ɗaya. Direba ɗan ƙaramin shiri ne da yake haɗa Windows da kayan cikin kwamfuta, sifika da nata, kyamara da nata, wayifai da nashi, kuma kamfanonin da suka ƙera kayan kyauta suke bayarwa. Irin waɗannan manhajojin kwanan wata kawai suke dubawa, suna ganin 2016 sai su yi ja, alhali direban lafiya lau yake aiki kuma wataƙila shi ne na ƙarshe da kamfanin ya fitar ma wannan samfurin. Abin da ya fi damuna shi ne wani lokaci sai su sauko da direban wata kwamfuta daban, a wayi gari ba sauti ko sikirin ya yi shuɗi, ga cinye data a banza.

Ki fara dubawa da kanki. Danna maɓallin Windows da X tare, ki zaɓi Device Manager, in babu alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku a jikin komai, kuma sauti na fita, wayifai na kamawa, to ki bar ta haka, wallahi ba abin da take nema. In kin ga alamar sai ki shiga Settings, Windows Update, ki nemi Optional updates, direbobi da yawa a nan suke zaune. In babu a nan ki juya laftof ɗin, akwai lambar samfuri da siriyal a ƙasanta, ki sa a shafin HP ki sauke wanda ya dace. In kuma kina son mai yi miki da kansa to ki ɗauki na kamfanin, HP Support Assistant, masu Dell suna da SupportAssist, masu Lenovo suna da Vantage, duk kyauta.

Wanda nake cewa ya riƙa bin sabo sabo shi ne mai katin hoto (graphics card, abin da ke sarrafa hoto a kwamfuta) na Nvidia ko AMD, kamar 'yan Architecture da Engineering masu AutoCAD, ko masu gem, su kam sabon direba na kawo gyara sosai. Mai Word da PDF bai da wannan larurar.

In kuma kin sabunta abu ya lalace kar ki tada hankali, koma Device Manager, danna abin sau biyu, ƙarƙashin Driver akwai Roll Back Driver, zai maido miki da tsohon. Amma don Allah tun yau ki kwafe furojek ɗin nan a filash ko ki tura ma kanki ta imel. Sannan ki duba wane Windows ne a kai, don Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, wannan ya fi tsohon direba zama abin damuwa.

Tambaya: Malam ina da shagon buga takardu a Sabon Gari, cikin jerin abin da kamfanin laftof ɗina ya ce in sabunta na ga BIOS, batirina kuma ya mutu sai da wuta take aiki. In yi?

Amsa: Alhaji kar ka yi a haka. BIOS shi ne yake tada kwamfuta tun kafin Windows ya hau, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta shi kwamfutar na iya ƙin tashi kwata kwata, sai an kai ma mai gyaran babban allon cikin kwamfuta (motherboard), wani lokacin ma sai canjin allon. Kai ma ka san halin wutarmu, kuma janareta ma na iya shaƙewa. Shi ya sa da yawa daga laftof ɗin ba sa yarda su fara sai sun ga caja a jiki da caji a batir. Ka sa sabon batir tukuna, ka cika shi, ka bar caja a jone, in ta fara kar ka taɓa komai ko da sikirin ya yi baƙi na ɗan lokaci, da kanta za ta sake tashi.